Tambaya da Amsa: Ina Alamar Ragi Ta Tafi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya zafi ya gida. Saƙonni sun taru mini a wanga wata kuma da na zauna karantawa sai na ga da yawa abu guda suke kewayawa, wato yadda ake cire wa lamba alamar ragi cikin yaren kwamfuta na Python da NumPy, kayan aikinsa na lissafi, abin nan da munka karanta a lakkwal da sunan baler absoli. Na tsinto bakwai daga ciki, wasu zan daɗe a kansu wasu kuwa layi kaɗan ya ishe su.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a fannin noma a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune Ali Ɗan Sofo. Ina da lambobi a lis kamar haka [-4, 7, -12, 3], na rubuta abs a kansu sai jan rubutu ya fito wai "bad operand type for abs(): 'list'". Wata ƙawata ta ce in yi bukul ɗin for, wato umarnin bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, na yi ya yi aiki amma lambobin memuwar ɗina sun fi dubu ɗari. Mi zan yi?

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, Allah shi ba da sa'ar karatu. Bari mu fara daga ma'anar abin kansa don in kin riƙe ta sauran duk sauƙi ne. Baler absoli nisa ne, nisan lamba daga sifili, kuma nisa ba ruwansa da gabas ko yamma. In kin bar Maraɗi kinka yi kilomita 10 hanyar Tibiri, wata kuma ta yi kilomita 10 hanyar Ɗan Isa, kun raba hanya amma kabu-kabu ɗinku mai guda ya sha. To haka -4 da 4, dukansu taku huɗu ne daga sifili. Sandunan nan biyu da mushe ke zanawa a allo, |x|, wani Bajamushe masanin lissafi Karl Weierstrass ya fara rubuta su haka a 1841, kuma har yau su muke amfani da su.

Yanzu kuskuren naki. abs na Python kansa lamba guda ya sani, lis kuwa a wurinsa kamar buhu ne da za ki iya zuba komi ciki, lamba, suna, wani lis ɗin ma, shi ya sa bai san mi ake nufi da baler absoli ta buhu ba. Abin da kike buƙata shi ne jerin NumPy, wanda ɗalibai ke ce wa tabulo:

import numpy as np
x = np.array([-4, 7, -12, 3])
np.abs(x)

Zai ba ki 4, 7, 12, 3 a jeri guda, ba bukul ba komi. Ko lis ɗin kinka miƙa wa np.abs kai tsaye zai karɓa ya mayar miki da jeri, amma ni na fi son ki saba da juya shi tun farko, don gobe za ki so ɗebe wannan lis daga wancan, a - b, kuma lis ba ya yarda da wannan ma. Kuma da zarar x ya zama jerin NumPy, ko abs(x) na da ɗin nan da ya ƙi ki zai yi aiki, don jerin ya san yadda zai amsa.

Shawarar ƙawarki ba ƙarya ba ce, sai dai ta fi tsada. Bukul na Python yana ɗaukar lamba ɗaya ɗaya, ya duba wace iri ce, ya yi aikin, ya ajiye, ya sake dawowa, kamar mai auna hatsi da cokali alhali ga tiya a gabansa. NumPy kuwa duk lambobin jeri iri guda ne kuma suna kwance a jere cikin ma'ajiya, bukul ɗin kuma an riga an rubuta shi da yaren C, to sai ya bi su a guje. Dalilin ƙirƙirarsa ke nan ma, tun magabacinsa Numeric da Jim Hugunin ya fara a 1995 don masu binciken kimiyya, har Travis Oliphant ya zo ya haɗa shi da wani makamancinsa mai suna Numarray a 2005 anka samu NumPy, fitowar 1.0 kuwa a 2006. Kar ki yarda da maganata kawai, ki buɗe Jupyter ko Colab, wuraren da ake rubuta Python a gwada, ki sa %timeit mai auna lokaci gaban kowanne ki gani da idonki, ni na fi jin daɗin ɗalibin da ya gwada da kansa.

Tambaya: Malam ni ina istaj a wani shiri na manoma wajen Gidan Rumji. Muna gwama hasashen ruwan sama da abin da anka auna da gaske. Na ɗebe wannan daga wancan na yi muwayen, wato matsakaici, sai ya ba ni 0, na sa np.abs a kai ya sake ba ni 0. Ke nan hasashenmu ba kuskure ko kaɗan?

Amsa: Ɗan'uwa a'a, akwai kuskure, ɓoyewa ya yi, kuma na ji daɗi da zuciyarka ba ta kwanta da sifilin nan ba. Bari in ƙirƙiro lambobi na misali mu gani. A ce hasashe ya ce milimita 40, 55, 30, 70, 25, abin da anka auna kuwa 50, 45, 38, 60, 27. Bambancin zai zama -10, 10, -8, 10, -2. Tara su ka gani, sifili cif. Ba ranar da hasashen ya dace ko guda, amma na sama sun cinye na ƙasa, kamar wanda ya ci bashin jaka goma a wurin wani kuma yana bin wani daban jaka goma, ya ce ai ba shi da matsala da kowa, alhali mutum biyu ne ke da magana da shi.

Kai ka rubuta np.abs(np.mean(bambanci)), wato ka bari sun gama cinye juna sannan ka kira abs, ya iske sifili ya mayar maka da sifili. Abin da ya dace shi ne

np.mean(np.abs(hasashe - aune))

a cire alamar kowane bambanci tukuna sannan a yi matsakaici. A misalinmu 10, 10, 8, 10, 2, jimla 40, raba biyar, milimita 8. Wannan shi ne abin da littattafai ke kira MAE, kuma shi ne amsar tambayar da manomi zai yi maka in ya ce yawanci da nawa kuke kuskurewa.

Amma fa kar ka yar da wancan sifilin, shi ma labari yake ba ka, cewa hasashenku bai karkata gefe guda ba, ba kullum yake zuzuta ruwa ba kuma ba kullum yake rage shi ba. Da ya fito 6 ko -6 da sai mu ce akwai karkata, kuma wannan abu ne mai nauyi ga wanda zai yanke shawarar ranar shuka. Ni a rahoto nakan sa su biyun gefe da gefe. In shugabanka ya nemi RMSE, wani ma'aunin kuskuren, shi ma hanyar kashe alama ce amma ta hanyar ninka kowane bambanci da kansa, a misalin nan zai ba da wajen 8.58, kuma ya fi tsananta wa manyan kurakurai. Wani abu kuma da nake yawan gani a takardun ɗalibai, np.abs(a) - np.abs(b) ba daidai yake da np.abs(a - b) ba. Gwada da 3 da -3, na farko 0 na biyu 6.

Tambaya: Salam malam, ni matashi ne daga unguwar Zariya ina koyon aikin hoto da Python. Na ɗauki hoton gona sau biyu ina son in ga inda ya canza, na yi np.abs(hoto1 - hoto2) amma hoton da ya fito duk fari fari ne kamar ƙura. Na duba wani ɗigo, a na farko 10 a na biyu 20, amsar wai 246. Kwamfutata ce ta lalace?

Amsa: Ƙanena kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma wagga tambaya ita ce na fi so a saƙonnin watan duka, don tarkon nan ya kama mutane da yawa kuma mugun abin shi ne ba ya ihu, ba jan rubutu ba gargaɗi, lamba ce kawai za ta fito da fuskar gaskiya.

Rubuta hoto1.dtype ka gani, zai ce maka uint8. Ma'anarsa kowane ɗigo an ba shi gurbi na bit 8 (bit guda 0 ne ko 1), kuma u ɗin nan na farko yana nufin ba a tanadi wurin alama ba sam. Bit 8 hali 256 kawai suke iya ɗauka, daga 0 zuwa 255, ba ƙasa ba sama. To da ka ce 10 a ɗebe 20, amsar gaskiya -10 ce, amma gurbin ba shi da inda zai sa ta, sai ya zagayo ta baya kamar agogo. Ka san in ƙarfe 2 ne ka koma baya awa 3 ba za ka ce ƙarfe -1 ba, 11 za ka gani a fuskar agogon. Nan ma haka, 256 a ɗebe 10, ga 246 ɗinka. Lokacin da np.abs ya iso aikin gama ya gama, 246 ya tarar, lamba ce mai kyau ba alamar ragi a jikinta, sai ya bar ta yadda take. Kuma tunda a hoto 255 shi ne fari tas, duk inda na biyu ya ɗan fi na farko haske sai ya fito maka fari, ga asalin ƙurar.

Gyaran shi ne ka faɗaɗa gurbin kafin ragi, ba bayansa ba:

a = hoto1.astype(np.int16)
b = hoto2.astype(np.int16)
canji = np.abs(a - b)

int16 yana ɗaukar daga -32768 zuwa 32767, to -10 ta samu wurin zama, abs ya gan ta ya mayar da ita 10. In kana son ajiye shi a matsayin hoto sai ka mayar da canji zuwa uint8, ba abin tsoro yanzu tunda bambancin ba zai wuce 255 ba. In kuma da OpenCV, kayan aikin hoto, kake aiki akwai cv2.absdiff(hoto1, hoto2) wanda don wannan matsalar anka yi shi. Akwai ma wata dabara da nake so ƙwarai don tana nuna mutum ya gane abin, np.maximum(hoto1, hoto2) - np.minimum(hoto1, hoto2), kullum babba ake ɗebe wa ƙarami, to ba a taɓa faɗawa ƙasa da sifili ba balle a zagayo.

Tunda mun shigo nan bari in ƙara da ɗan'uwan wanga tarko, wanda shi a cikin abs ɗin kansa yake. int8 mai alama yana tafiya daga -128 zuwa 127. Ka lura gefen ragi ya fi gefen ƙari da guda, don gurabe 256 ne kuma sifili ya ci ɗaya daga ɓangaren sama. To mi zai faru in ka nemi baler absoli ta -128 a jerin int8? Amsar 128 ce, ba ta da gurbi, sai ta zagayo ta dawo -128. Wato np.abs ya ba ka lamba mai ragi, abin da mushe ya rantse mana ba ya yiwuwa. A lissafi ba ya yiwuwa ɗin, a gurbin bit 8 yana yiwuwa. Masu aikin sauti a gidajen rediyo su kula da wannan sosai, don fishiyen WAV na yau da kullum int16 ne, in murya ta bugi ƙasa har -32768 kuma ka nemi ƙololuwar ƙara da np.abs(sauti).max(), wannan wurin da ya fi ko'ina ƙara shi ne zai ɓace maka, don ya tsaya a ragi. Juya sautin zuwa int32 ko float tukuna. Python zalla ba shi da wagga matsala don lambobinsa cikakku suna faɗaɗa yadda sunka ga dama, abs(-128) zai ba ka 128 lafiya lau, NumPy ne ya sayi gudu da ƙayyadadden gurbi, kuma ciniki ne mai kyau in dai ka san ka yi shi.

Abu na ƙarshe ƙanena, wanda ba na lissafi ba ne, hoton safe da na yamma za su bambanta ko ganye guda bai motsa ba saboda rana, to ka riƙa ɗauka a lokaci guda daga wuri guda, sannan ka sa iyaka kamar canji > 30 ka gwada ka ga wadda ta dace da hotunanka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni nake riƙe wa mahaifina lissafin shago a babbar kasuwa, muna saida shinkafa da mai da sukari. Kullum dare ina gwama kuɗin akwati da na littafi a pandas. Lambobi masu ragi suna ɓata mini tabulo kuma Alhaji ba ya son ganinsu, shi ne na sa .abs() a kolon ɗin duka. Daidai ne?

Amsa: Ɗan Alhaji, a gaida Alhaji da kyau, Allah shi ƙara albarka a kasuwa. Umarnin da ka rubuta daidai ne, pandas, kayan aikin tabulo na Python, yana da .abs() kuma a kan NumPy yake zaune, amma wallahi ban goyi bayan abin da ka yi da shi ba, kuma zan faɗa maka dalili ba ɓoye ɓoye. A lissafin kuɗi alamar nan ita ce rabin labarin. Ranar da akwati ya fi littafi da jaka biyar, wataƙila an yi ciniki ba a rubuta ba ko an manta ba wani canjinsa, kuɗin mutane ne a hannunku. Ranar da akwati ya gaza da jaka biyar kuwa kuɗinku ne ya fita, ko bashi anka bayar ba a rubuta ba ko wani abu daban. In ka mayar da su duka 5000 ka haɗa cuta biyu da maganinsu ba ɗaya ba, kuma ranar da za a zauna bincike yaron shago ne zai sha zargi a kan abin da tabulo ɗinka ya goge. Wannan hakki ne, ba wasa ba.

Inda abs ke da amfani gare ka shi ne wajen tacewa. Bar kolon na asali da alamarsa, sannan in df ne sunan tabulo ɗinka ka ce

df[df["bambanci"].abs() > 2500]

zai fito maka da duk ranakun da saɓanin ya wuce jaka biyu da rabi ko ta wane gefe, kuma kowace rana da alamarta a jiki. In alamar ragi ce Alhaji ba ya son gani, yi masa kolon biyu, ɗaya ka rubuta "ya gaza" ko "ya yi rara" da kalmomi, ɗaya kuma adadin ba alama. np.sign zai taimake ka, yana ba da -1 ko 0 ko 1, np.where kuma ya juya su zuwa kalmomi. Haka dattawanmu ke rubutawa a littafi tun kafin kwamfuta, shafin shiga daban shafin fita daban.

Tambaya: Mushe mi ne bambancin np.abs da np.absolute da np.fabs? Ni ɗalibin lantarki ne.

Amsa: Na farko da na biyu abu guda ne ɗan'uwa, np.abs gajeren suna ne kawai na np.absolute, rubuta wanda ya fi maka sauƙi. np.fabs shi ne daban, kullum lamba mai birgul yake mayarwa ko cikakkiya ka ba shi, kuma ba ya karɓar lambobin kompleks, masu ɓangare biyu irin 3 + 4j, kuskure zai jefo maka. Kai kuwa ɗan lantarki kompleks ne abincinka. In Z = 3 + 4j, np.abs(Z) zai ba ka 5.0, wato tushen 9 da 16 in an tara, nisa daga sifili dai har yanzu amma a fili mai tsawo da faɗi maimakon kan layi. Shi ne modil da kuke cewa a aji, kalmar da Jean-Robert Argand ya shigo da ita a 1806. Haka in ka yi np.fft.fft, mai rarraba sigina zango zango, a kan siginar kuran amsar kompleks za ta fito, np.abs ne zai nuna maka ƙarfin kowane zango har ka ga tsinin nan na 50 Hz, np.angle kuma ya ba ka kusurwar da abs ya zubar. Shi kuwa math.fabs ka bar shi, lamba guda yake ci, ba na jeri ba ne.

Tambaya: Malam na rubuta 0.1 + 0.2 == 0.3 ya ce False. Ni malamin lissafi ne a koleji a Tasawa, abin ya ɗaure mini kai.

Amsa: Malam ranka shi daɗe, lissafinka daidai ne, kwamfuta ce ke ƙirga da biyu biyu, kuma 0.1 a wannan tsarin ba ta ƙarewa kamar yadda 1 raba 3 ba ta ƙarewa a namu, dole a yanke ta wani wuri. Shi ya sa jimlar ke fitowa 0.30000000000000004. Tsarin ajiye lambobi masu birgul ne mai suna IEEE 754, na 1985, kusan kowace kwamfuta da waya a kansa suke. Maganin baler absoli ce, maimakon tambayar ko daidai suke sai a tambayi nisan da ke tsakaninsu, np.abs(a - b) < 1e-9. NumPy ya riga ya shirya wannan a np.isclose da np.allclose, sai dai a kula, in lambobin da ake gwamawa ƙanana ne ƙwarai, iyakar da sunka zo da ita ta 1e-08 za ta iya cewa komi daidai ne, sai a ba shi atol da ya dace da aikin. Wannan zai yi daɗin nuna wa ƴan aji, ko a waya da Pydroid 3 ana iya gwada shi.

Tambaya: Malam don Allah taimaka, sutanans ɗina ya kusa. Na samo fishiyen ruwan sama na Eksal, da farko np.abs ya ƙi aiki wai str, na yi ta fama har ya yi, yanzu kuma matsakaicin wata guda ya fi ruwan shekara. Ni ce daga Madarunfa.

Amsa: Kwantar da hankalinki ƴar'uwa, matsala biyu ce kuma duka suna gyaruwa a zama guda. Ta farko tamu ce ta ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Eksal ɗinmu yana rubuta 12,5 da birgul kuma yana raba kolon da alamar ; shi kuwa Python ɗigo ya sani, 12.5, to da ya ga birgul sai ya ɗauki abin rubutu ne kamar suna, kuma ba a cire wa suna alamar ragi. Tun wajen buɗewa za ki gaya masa:

pd.read_csv("ruwa.csv", sep=";", decimal=",")

sannan ki duba df.dtypes, wanda ke nuna irin abin da ke cikin kowane kolon, in kin ga float64 kin tsira, in kin ga object to akwai sauran rubutu a ɓoye cikin kolon ɗin, wataƙila wani ya rubuta "trace" ko ya bar tazara, ko kuma an kwafo lambobin daga PDF da wata doguwar alamar ragi da ba irin ta kilabiye ba.

Ta biyun ita ta fi tayar mini da hankali. Ruwan sama ba ya zama ƙasa da sifili, to mi ya kai ki sa abs a kansa? Ina kyautata zaton kin ga wasu -999 ko -9999 a ciki kinka ɗauka kuskuren bugu ne. Ba kuskure ba ne, haka masu bayanan yanayi ke rubuta "ranar nan ba a auna ba", bayanan ruwan sama na CHIRPS misali -9999 suke sawa. Da kinka sa abs sai ranar da ba a auna komi ba ta koma ranar da anka yi ruwan milimita 999, alhali Maraɗi a shekara guda cur wajen 500 take samu. Alamar ragin nan ita ce kawai ke yi miki ihu cewa lambar ba ta gaskiya ba ce, abs kuma ya rufe mata baki. Na taɓa zama da wani ɗalibi da wannan ya shige masa har cikin zane zanen babi na uku, kwana biyu muna warwarewa, shi ya sa ba na son ya same ki.

Cire abs ɗin gaba ɗaya. Mayar da waɗannan lambobin zuwa NaN, wato gurbin da ba kowa, a ce x shi ne kolon ruwan:

x = x.astype(float)
x[x <= -999] = np.nan

astype ɗin dole ne don jerin cikakkun lambobi ba ya ɗaukar NaN. In da pandas ne ma kina iya ƙara na_values=[-999, -9999] tun a read_csv. Daga nan ki sani np.abs na NaN NaN ne, np.mean ma in ya ci karo da guda ɗaya amsar duka NaN za ta zama, sai ki koma np.nanmean wanda ke tsallake su, pandas kuwa da kansa yake tsallakewa. Haka in kina neman ranar da ruwanta ya fi kusa da milimita 20, dabarar ita ce np.argmin(np.abs(x - 20)), amma in akwai NaN a ciki wurin NaN ɗin zai nuna miki, sai ki sa np.nanargmin, kuma ki tuna daga 0 yake fara ƙirga.

Ki ƙirga ranakun da sunka ɓace da np.isnan(x).sum() ki rubuta adadin a memuwar ɗinki ƙarara, musamman in a Agusta sunka faɗa, don ƴan juri za su tambaya kuma gara ke ki fara faɗa. In bayan wannan matsakaicin bai sauko ba, turo mini layuka ashirin na farkon fishiyen yadda suke ba ki taɓa komi ba, da abin da df.dtypes ya nuna miki, zan duba kafin ranar Juma'a in sha Allahu.